Tambaya da Amsa: Finafinan Farfagandar Gwamnatocin Kama-Karya a Hannun Masu Tara Kayan Tarihi

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke: finafinai da fostocin da gwamnatocin kama-karya na ƙarni na 20 suka bari, waɗanda yanzu suke yawo tsakanin gidajen gwanjo, taskokin gwamnati da akwatunan masu tara kayan tarihi. Masu aikin adana finafinai da ke kula da wannan shafi ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi gwangwanaye uku na fim mai faɗin milimita 35 a wani gwanjo. A jikin murfin an rubuta "Die Deutsche Wochenschau" da shekarar 1941. Ina da tsohon majigi, ina so in ɗora in ga abin da ke ciki. Me ya kamata in fara yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ajiye maganar majigi tukuna, ka fitar da gwangwanayen daga ɗakin da ake kwana. Sunan da ka karanta na labaran mako-mako ne da gwamnatin Nazi ta riƙa nunawa a gidajen sinima daga 1940 zuwa 1945, kuma fim mai milimita 35 na wancan zamani kusan duka a kan zirin da aka yi da sinadarin naitiret aka buga shi. Naitiret ɗan uwan audugar bindiga ne, wato wani abin fashewa. In ya kama wuta yana samar wa kansa iskar da yake ci, don haka ruwa ba ya kashe shi, yashi ma haka, hayaƙinsa kuma guba ne. Wanda ya fara ruɓewa yana iya tashi da kansa a zafin da bai wuce maki 41 na ma'aunin Salsiyos ba. Irin wannan gobara ce ta cinye taskar kamfanin Fox a Amurka a 1937, ta kuma cinye fiye da ƙafa miliyan 12 na finafinan labarai a taskar gwamnatin Amurka da ke Suitland a 1978. A Jamus dokar abubuwan fashewa ce ke kula da shi.

Ga yadda za ka tabbatar. Ka buɗe gwangwani a waje, cikin inuwa, nesa da sigari, risho da duk wani abu mai tartsatsi, da safar hannu ta roba. Ka warware kamar mita ɗaya, ka duba bakin zirin, bayan hujojin gefe. In ka ga baƙaƙen haruffa "NITRATE", magana ta ƙare. In ka ga "SAFETY" ko "S", asitet ne, wanda ba ya fashewa. Amma a nan mutane suke yin kuskure: rubutun da ya fito fari a kan baƙi ba na fim ɗin da ke hannunka ba ne, inuwar rubutun nagetif ɗin da aka kwafo shi daga ciki ne. Wasu kamfanonin Turai ma ba su rubuta komai ba sai sunansu. In babu rubutu kuma fim ɗin ya girmi 1952, ka ɗauke shi a matsayin naitiret har sai gwani ya ce a'a. Kada ka yanki gutsure ka kunna masa ashana don gwaji.

Sai ka duba lafiyarsa, domin ruɓewar naitiret hawa biyar ce. Da farko zirin yana komawa ruwan zuma, hoton yana dusashewa. Daga nan ya fara danƙo. Sai kumfa ta fito tare da wari mai hawa kai. Sai naɗin ya manne ya zama curi guda. A ƙarshe ya koma gari mai launin tsatsa. A hawa na ɗaya da na biyu ana iya ceto hoton, a na uku wani sashe kawai. Na huɗu da na biyar sharar haɗari ce, hukumar kashe gobara ake kira, ba a jefa ta a bola.

In lafiyarsa ƙalau, ka bar shi a gwangwanin da murfinsa bai toshe iska ba, a wuri mai sanyi, shi kaɗai, domin iskar da yake fitarwa tana lalata sauran finafinai. Kada ka sa shi a gidan waya ko cikin jakar jirgi: a dokar sufuri ta duniya lambarsa UN 1324, kaya ne mai kama wuta. Ka rubuta wa wata taskar finafinai da ke cikin FIAF, ƙungiyar taskokin finafinai ta duniya, ka aika musu hoton murfin da na bakin zirin da lambar fitowar makon. Mai yiwuwa su ce suna da shi, tunda taskar gwamnatin Jamus tana riƙe da galibin jerin. Amma an yi wa waɗannan labarai kwafe-kwafe da harsuna daban-daban don ƙasashen da aka mamaye, kuma irin waɗancan ne sukan yi ƙaranci.

Tambaya: Ina da finafinan Tarayyar Sobiyat kusan ashirin masu milimita 16, irin waɗanda ake nunawa a makarantu da masana'antu. Biyar daga ciki suna warin tsami in na buɗe, ɗaya har ya fara lanƙwashewa. Wanke su zan yi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, wanki ba ya maganin wannan. Cutar tsami ce, wadda ke kama fim ɗin asitet. Danshi da zafi suna warware sinadarin da aka yi zirin da shi, sai ya riƙa fitar da ruwan tsami irin na binega, shi kuma tsamin yana ƙara hanzarta warwarewar. Ciwo ne mai ciyar da kansa. Ba a warkar da shi, rage masa gudu kawai ake yi.

Ka fara da raba masu warin da masu lafiya yau ɗin nan, domin tururin yana shafar maƙwabta. Sannan ka nemi 'yan takardun gwaji da ake kira A-D Strips, waɗanda wata cibiyar bincike da ke Rochester a Amurka ta ƙirƙiro. Ana sa ɗaya a kan naɗin, a rufe gwangwani, a bar shi aƙalla awa 24 a zafin ɗaki. Takardar shuɗiya ce. In ta zauna shuɗiya, mataki na 0 ke nan, lafiya lau. Tana komawa kore, a ƙarshe rawaya, wato mataki na 3. Iyakar da ake tsoro ita ce 1.5: daga nan lalacewar take zabura. Duk wanda ya kai 2, a gaggauta kwafe shi.

Maganin rage gudu sanyi ne da bushewa. Danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Firji mai maki 4 yana ƙara wa fim shekaru masu yawa, firiza ta fi shi. Sai dai firiza tana da sharaɗi. A naɗe fim ɗin a kan ƙwarya ta roba mai faɗin santimita 7.5, a sa shi cikin leda mai zif, a matse iskar, a sake sa wannan cikin leda ta biyu tare da katin nuna danshi. Ranar da za a fito da shi, a bar shi cikin ledarsa awa 24 kafin a buɗe. Wanda ya yi gaggawa zai ga raɓa ta sauka a kan zirin, hoton ya manne da bayan na kusa da shi, kuma wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Wasu ƙananan abubuwa da ke kashe fim a hankali: robar ɗauri, salatif, tsatsar gwangwani, da takardar jarida da aka cusa ciki. Ka cire su duka. Amma takardun da ka tarar, musamman katin da ke biye da kwafin Sobiyat inda masu majigi suke rubuta sau nawa aka nuna shi da halin da yake ciki, kada ka yar. Ka sa su a ambulan daban, ka rubuta lambar gwangwanin a kai. Sau da yawa katin ya fi fim ɗin ba da labari. A ajiye naɗi a kwance, kada a tsaye. Kuma kada ka ja bakin zirin don ka matse naɗin, yana zana hoton da ƙananan layuka.

Game da wanda ya lanƙwashe, ka auna ƙanƙancewarsa. A fim mai milimita 16, tsawon hoto 100 milimita 762 ne lokacin da yake sabo. In ka auna ka sami 756, ya ƙanƙance da kusan kashi 0.8 cikin 100, kuma daga nan haƙoran majigi ba sa faɗawa daidai cikin hujojin, yaga su suke yi. Wani gargaɗi kuma: milimita 16 na kamfanonin Yamma tun fitowarsa a 1923 ba a yi shi da naitiret ba, amma na Sobiyat da na Sin na farkon zamani a duba shi da kyau kafin a saki jiki.

Tambaya: Wani dillali yana tallar kwafin fim ɗin Eisenstein, daraktan Sobiyat, na jirgin ruwan yaƙi Potemkin, ya ce "na asali ne na 1925". Ta yaya zan gane gaskiyarsa?

Amsa: Malam, kalmar "na asali" a kasuwar fim tana buƙatar tambaya uku: yaushe aka ɗauki fim ɗin, yaushe aka yi zirin da ke hannun dillali, kuma wane yanka ne a kai. Dillalai suna amsa ta farko su bar ka ka zaci sauran.

Shekarar zirin tana bakinsa. Kodak ya riƙa buga ƙananan alamomi, da'ira, murabba'i, alwatika da makamantansu, masu nuna shekarar da aka yi zirin, sai dai jerin yana maimaita kansa duk shekara 20, saboda haka alama ɗaya tana iya nufin 1926 ko 1946 ko 1966. Sai an haɗa da wasu shaidu. Sunan kamfani ma yana yanke hukunci: in ka ga ORWO, ba a yi zirin kafin 1964 ba, domin a shekarar ce masana'antar Wolfen ta Jamus ta Gabas ta bar sunan Agfa ta ɗauki wannan. Svema daga Shostka ta Yukren yake, Tasma daga Kazan. In ka ɗaga naɗin ka haska fitila ta gefensa ka ga haske yana ratsawa sosai, kuma bakin zirin ya ƙi yaguwa, foliyesta ce, ta zamanin baya-bayan nan. In kuma akwai layin sauti a gefen hoton, to ai Potemkin na 1925 bebe ne.

Tambaya ta uku, wato wane yanka ne a kai, ta fi daɗi. An sayar wa wani kamfanin Jamus nagetif ɗin Potemkin a 1926, masu tace finafinai na Berlin suka sa almakashi, kuma Edmund Meisel ya yi masa kiɗa don wannan fitowa. A 1950 Sobiyat ta sake fitar da shi da sauti, a 1976 aka sake fitar da shi da kiɗan Shostakovich. Maganar Trotsky da ta buɗe fim ɗin tun farko an cire ta, an sa ta Lenin. Jar tutar da ake ɗagawa a jirgin kuwa da hannu aka shafa mata launi, hoto bayan hoto, a kwafen farko. Saboda haka kafin ka ciro kuɗi, ka nemi hoton rubutun buɗewa, na bakin zirin, da na wurin tutar.

Kada ka raina kwafin baya don kawai na baya ne. Fim ɗin Mikhail Romm na 1937 a kan Lenin da juyin Oktoba yana da Stalin a gefen Lenin. Bayan jawabin da shugaban Sobiyat Khrushchev ya yi a 1956 yana sukar Stalin aka sake yanka shi, aka fitar da Stalin, a wasu wuraren har da rufe shi da wani mutum a gaban hoton. Mai kwafi biyu, na kafin da na bayan, yana riƙe da abin da kowane ɗaya shi kaɗai ba zai nuna ba. Haka 'yan Nazi suka yi da fim ɗin taron jam'iyyarsu na 1933, wanda Ernst Röhm, shugaban dakarun jam'iyyar na SA, ya fito a ciki kafaɗa da kafaɗa da Hitler: da aka kashe Röhm a 1934 sai aka janye fim ɗin, kuma shekaru da dama bayan yaƙi ana zaton ya ɓace kafin a gano kwafinsa.

Tambaya: Ni malamar tarihi ce. Ɗalibaina suna ganin guntayen waɗannan finafinai a intanet suna ɗauka hoton abin da ya faru ne. Shin akwai abin da za a iya dogara da shi a cikinsu, ko duk ƙarya ce?

Amsa: Malama, shaida ce mai ƙarfi, amma sai an san a kan me take ba da shaida. Fim ɗin farfaganda shaida ne a kan abin da gwamnati ta so a gani, da kuɗin da ta kashe don a gan shi, da abin da ta ji tsoron a gani. A kan abin da ya faru kuwa, mai bayar da shaidar yana da hannu a shari'ar.

Misalin da ya fi yaɗuwa shi ne afka wa Fadar Hunturu a Petrograd lokacin juyin Oktoba na Rasha. Taron jama'ar da ake gani suna haura ƙofa daga fim ɗin Eisenstein ne na cikar juyin shekara goma, 'yan wasa ne da mutanen da aka tara don fim ɗin, amma an sha liƙa shi cikin shirye-shiryen tarihi kamar kyamara tana wurin a 1917. Kisan da aka yi a kan matakalar Odessa a Potemkin ma shiri ne, ba a yi shi a kan matakalar yadda aka nuna ba. A fim ɗin Chiaureli na faɗuwar Berlin, Stalin yana sauka daga jirgin sama cikin farin kaya jama'a suna tarbarsa. Stalin bai yi wannan sauka ba. Da ya je taron Potsdam a 1945, jirgin ƙasa ya hau.

Na Jamus sun fi nauyi. A 1944 'yan Nazi suka tilasta wa ɗan wasa Kurt Gerron, wanda shi ma fursuna ne, ya shirya fim a sansanin Theresienstadt yana nuna Yahudawa suna ƙwallo, suna sauraron kiɗa, suna noman lambu. Kafin shekarar ta ƙare an kai shi Auschwitz an kashe shi, tare da da yawa daga waɗanda suka fito a ciki. Guntaye ne kawai suka tsira, wajen minti 20. A unguwar da aka killace Yahudawa a Warsaw kuma, masu ɗaukar hoton Jamus sun yi aiki a 1942, kuma shekaru da yawa ana amfani da hotunansu kamar rahoto. Sai da aka gano wani naɗi na ragowar da aka yar, aka ga ana maimaita fitowa ɗaya sau da dama, ana tsara masu wucewa ta gefen gawa, har mai kyamarar yana shiga hoton. Shi ya sa ma'aikatan taska suke ɗaukar ragowar yanka da daraja fiye da fim ɗin da aka gama.

A aji, ga abin da ke aiki. Ki zaɓi guntu da bai wuce minti uku ba. Ki nuna shi da farko babu sauti, ɗalibai su rubuta abin da idonsu ya gani kawai. Ki sake nunawa da sauti, su lura da abin da mai sharhi da kiɗa suka ƙara. A karo na uku ki riƙa tsayarwa a kowane yanka kina tambaya: ina kyamara take tsaye, wa ya ba ta izinin tsayawa nan, kuma nawa ne kyamarorin? Fim ɗin Leni Riefenstahl na taron Nuremberg na 1934 an ɗauke shi da kyamarori kusan 30, da layin dogo na tura kyamara, da wani ɗan lif da aka kafa a jikin sandar tuta. Wanda ya san haka ya san an shirya taron da fim ɗin tare. Daga nan sai ki ajiye wata takarda ta daban kusa da shi: wasiƙa, rahoton jakada, shaidar wanda ya tsira. Kuma finafinan ƙiyayya tsantsa, irin waɗanda aka yi don a sa mutane su tsani wata al'umma, ba a sakar wa yara su gaba ɗaya. An gina su ne don su yi aiki a zuciya, kuma har yanzu suna yi.

Tambaya: Shin doka ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya?

Amsa: Ya danganta da ƙasar da kayan suke, ƙasar da za su je, da abin da za ka yi da su. A Jamus sashe na 86 da na 86a na dokar manyan laifuka sun hana yaɗa kayan farfagandar Nazi da nuna alamominsu a fili, har da shigo da su ko fitar da su don yaɗawa, hukuncin yana kaiwa ɗaurin shekara uku. Akwai togaciya ga ilimi, bincike, fasaha da bayar da tarihi, shi ya sa dillalan can suke rufe alamar a hoton talla. Ostiriya tana da dokarta ta 1947 mai tsanani. Faransa ta hana baje alamomin a bainar jama'a, kuma a can ne kotu ta umarci Yahoo a 2000 ya toshe wa mazauna ƙasar gwanjon kayan Nazi. eBay ya hana galibinsu tun 2001. Yukren kuwa a 2015 ta haɗa alamomin Nazi da na kwaminisanci ta hana, tare da togaciya ga gidajen tarihi da bincike.

Akwai kuma finafinai kusan 40 da gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden take riƙe da haƙƙinsu, ba ta yarda a nuna su sai da gabatarwar masani da tattaunawa bayan an gama. Cikinsu akwai Jud Süß na 1940, wanda Himmler, shugaban dakarun SS na Nazi, ya ba da umarni a nuna wa dakarun SS da 'yan sanda, da Kolberg da aka fara nunawa ranar 30 ga Janairun 1945.

Abin da masu saye suka fi mantawa: mallakar gwangwani daban, haƙƙin nunawa daban. A Tarayyar Turai haƙƙin fim yana ƙarewa ne shekara 70 bayan mutuwar na ƙarshe cikin darakta, marubucin labari, marubucin zance da mai kiɗan da aka yi don fim ɗin. Veit Harlan, daraktan Jud Süß da Kolberg, ya mutu a 1964, Riefenstahl a 2003. Yi lissafi da kanka. Kafin ka biya, ka tambayi hukumar kwastan ta ƙasashen biyu a rubuce.

Tambaya: Ni fosta nake so, ba fim ba. Na ji an ce jabu ya yi yawa. Me zan duba?

Amsa: An gaya maka gaskiya, musamman fostocin Sobiyat na shekarun 1920, irin na Rodchenko da 'yan'uwan nan biyu Stenberg. An buga su don a manna a bango a yage bayan mako guda, waɗanda suka tsira kaɗan ne, kuɗinsu kuma ya jawo maƙera.

Kayan aikinka biyu ne: gilashin ƙara girma mai ninki 10, da fitilar haske mai launin shunayya irin ta duba takardar kuɗi. Da gilashin ka duba wurin da launi ya cika. Bugun dutse na wancan zamani yana ba da launi shimfiɗaɗɗe ko tsakuwa-tsakuwa marar tsari, kuma a inda launi biyu suka haɗu za ka ga ɗan hawa ko ɗan giɓi. In ka ga ɗigo-ɗigo masu launi huɗu sun jeru kamar fure a kan abin da aka ce na 1926 ne, hotonsa aka ɗauka aka sake bugawa. In feshi ne barkatai na ƙananan ɗigo, injin buga takardu na kwamfuta ne. Sai ka kashe wuta ka haska fitilar. Takardar da ta yi shuɗin haske tana ɗauke da sinadarin ƙara fari, wanda bai shiga masana'antar takarda sosai ba sai shekarun 1950. Wannan gwaji na cikin abin da ya tona asirin littattafan sirrin Hitler na jabu a 1983. Amma rashin haske ba wanke kai ba ne, maƙerin da ya san aikinsa tsohuwar takarda yake nema.

Ka karanta ƙananan rubutun ƙasa. Fostar Sobiyat tana ɗauke da sunan maɗaba'a, adadin da aka buga da lambar izinin Glavlit, hukumar tace rubutu. Ta Jamus sau da yawa tana da hatimin hukumar tace finafinai. Ka auna tsawo da faɗi ka gwada da kwafin da ke wani gidan tarihi, bambancin santimita biyu ma abin tambaya ne. Layin ninki abu ne mai kyau, domin a ninke ake aika su gidajen sinima, sai dai ka shafa ka ji ninkin gaske ne, domin jabu yakan zo da hoton ninki a kan takarda sumul. Fostar da aka manna a kan yadi ta ɓoye bayanta, ka nemi hoton kafin mannawa.

Labarin baka ba ya ƙara daraja. "Daga gidan wani janar aka samo" ba komai ba ne in babu rasit, lambar gwanjon baya ko wasiƙa. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da ƙananan littattafan shiri irin Illustrierter Film-Kurier, waɗanda ake sayarwa a ƙofar sinima. An buga su da yawa, kowanne da lambarsa, ribar yin jabunsu kaɗan ce.

Tambaya: Gaskiya ni abin yana damuna. Tara kayan azzalumai ba girmama su ba ne?

Amsa: Damuwarki tana da tushe, Hajiya, domin a kasuwar akwai masu saye don ƙauna, kuma dillalai sun san su. Ana gane bambancin a yadda aka riƙe kayan. Wani yana rataye fosta a falo ƙarƙashin fitila. Wani yana ajiye ta a kwance cikin aljihun tebur, da katin da ya rubuta wa ya buga ta, don wa, da abin da ya sami mutanen da ta zaga, kuma yana buɗe wa mai bincike in ya nema. A ra'ayinmu, finafinan ƙiyayya tsantsa da duk abin da aka ɗauka a sansanonin kisa wurinsu taskar jama'a ne, bai dace su zama haja ba.

Tambaya: Ina so in mayar da finafinaina zuwa kwamfuta. In haska a bango in ɗauka da waya ya isa?

Amsa: Bai isa ba, kuma majigin yana iya zama ajalin fim ɗin. Ka nemi mai injin sikanin da ba ya amfani da haƙora, wanda ke jan zirin da robobi masu santsi. Ga milimita 16, kaifin hoto na 2K ya wadatar, ga 35 a nemi 4K. Ka ce a ɗauko har da bakin zirin da hujojinsa, domin a nan shaidar shekara take, da wuraren da aka yanka aka liƙa.

Ka tanadi wuri. Naɗin milimita 35 mai mita 305 minti 11 ne, wato hoto kusan 16,000. A tsarin fayil na DPX na 4K kowane hoto yana cin kusan megabait 50, naɗi ɗaya ya tasar wa gigabait 800. A 2K kusan 200 ne. Tsarin fayil na FFV1 cikin MKV yana rage nauyin ba tare da zubar da komai ba, taskoki da yawa sun koma kansa. Ka ajiye wannan ɗanyen kwafi yadda ya fito, kada a goge zane, kada a ƙara launi, kada a sa manhajar da ke ƙirƙiro hotunan tsakani don motsi ya yi santsi. Duk gyaran da za a yi, a yi shi a kan kwafi na biyu, a rubuta abin da aka taɓa. Ga finafinan bebaye ka gaya wa mai injin kada ya ɗora su kai tsaye a hoto 24 cikin daƙiƙa, da yawansu a 16 zuwa 20 aka ɗauka, in ba haka ba sojoji za su riƙa tafiya kamar ana korarsu.

Ka yi kwafi uku a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gini daban, ka riƙa duba su duk shekara. Bayan an gama, fim ɗin ya koma ledarsa ya koma sanyi, tare da lambar da ta yi daidai da sunan fayil ɗin.